Wane kamfanin intanet zan ja gida idan ina son kafa sabar kaina?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi a Kano. Ya ce yana da tsohuwar kwamfutar tebur da yayansa ya bar masa, yana so ya mai da ita saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai wasu na'urori su riƙa zuwa ɗauka, ya ajiye ta a ɗaki tana kunne dare da rana. A kanta zai zuba hotunan iyali da takardun shagonsu na ɗinki, ya ɗora ɗan shafin intanet na tallan kayan shagon, ya riƙa leƙa kyamarorin shago daga waya, in da hali ma ya buɗe adireshin imel da sunan shagon. Abin da yake son sani shi ne wanne ya fi gudu: ya ja faiba, wato wayar intanet ta zaren gilashi, ya sayi rautar 5G, akwatin da ke raba intanet a gida, ko ya rufe ido ya sayi Starlink mai aiki da tauraron ɗan'adam?

Malam, sannu da ƙoƙari, kuma shawarar da ka yanke mai kyau ce, don babu makarantar da za ta koya maka abin da sabar cikin ɗaki za ta koya maka a wata shida. Sai dai gudun da kake tambaya a kai ba a nan gizo ke saƙar ba. Lambar da kamfanoni ke rubutawa ɓaro-ɓaro a allon talla gudun saukewa ce, saboda akasarin masu saye kallo ya kawo su, su sauke bidiyo su wuce. Saba kuwa ba ita ke fita nema ba, ita ake zuwa nema. Don haka tambayarka ta farko ga kowane kamfani ita ce: idan wani ya taso daga waje yana neman kwamfutata, zai iya isowa ƙofata?

A mafi yawan layukan gida na ƙasar nan amsar a'a ce, kuma dalilin ya samo asali tun kafin a haife ka. Tsarin adireshin da intanet ta taso da shi, wato IPv4, an tsara shi ne a 1981, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kuma duka-duka adireshi kusan biliyan 4.3 yake iya bayarwa. A wancan lokacin an ɗauka ba za a taɓa cinye su ba. A watan Fabrairun 2011 babbar hukumar da ke rabon ta miƙa kason ƙarshe da ke hannunta ga hukumomin nahiyoyi. Tamu ta Afirka, AFRINIC, mai hedikwata a tsibirin Morishas, ta daɗe da komawa rabon ƙanƙance. Adireshi ya zama haja, da dala ake cinikinsa. Kamfanin da ke da miliyoyin masu layi ba zai iya ba kowa nasa ba, sai ya tara jama'a da yawa a bayan adireshi guda. Wannan dabarar ita ake kira CGNAT.

Ka ɗauki misalin babban gidan haya mai ɗakuna ɗari da zaure ɗaya, da mai gadi a zauren. Idan ka aiki yaro ya sayo maka abu, mai gadi ya ga fitarsa, ya san daga wane ɗaki ya fito, in ya dawo zai bar shi ya wuce. Amma baƙo ya zo ya yi sallama ya ce mai gidan yake nema, mai gadi zai ce wanne daga ciki, sai ya sallame shi. A gidan da kake kai kaɗai, kai ne za ka gaya wa mai gadinka cewa duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 443 a kai shi ɗakin da kwamfuta take. Wannan shi ne buɗe ƙofa a rauta da kake gani ana koyarwa a bidiyoyin intanet. A ƙarƙashin CGNAT kuwa mai gadin ba naka ba ne, na kamfani ne, yana can cikin na'urorinsu, ba ya jin maganarka. Na ga samari da yawa sun kwana uku suna fama da saitin rauta, suna zargin kansu da rashin iyawa, alhali ko injiniyan da ya ƙera rautar aka kawo ba zai buɗe ƙofar ba.

Gane halin da layinka ke ciki ba ya ɗaukar minti biyar. Shiga shafin saitin rautarka, galibi ta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ƙananan na'urorin Huawei kuma ta 192.168.8.1, ka nemo inda aka rubuta adireshin WAN, wato wanda kamfani ya ba rautarka. Daga nan ka buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke nuna wa mutum adireshin da duniya ke ganinsa da shi. In lambobin biyu sun zo ɗaya, barka, kana da adireshinka na fili. In sun bambanta, kana gidan haya. Alama mafi ƙarfi ita ce ka ga na WAN ya fara da 100 sannan lamba ta biyu tana tsakanin 64 da 127, domin an ware wannan zangon musamman saboda CGNAT tun 2012. Haka nan in ya fara da 10. Kafin ka biya kowa ko sisi, nemi maƙwabcin da ke kan layin kamfanin ya bar ka ka duba wannan a rautarsa. Gani ya kori ji.

Ina nanata zancen maƙwabci ne saboda abin da ya taɓa faruwa da ni. Wani ɗan talla na wani kamfani ya tabbatar mini, har da rantsuwa, cewa layinsu na zuwa da fablik IP, wato adireshin fili. Aka ja waya, aka huda bango, na biya kuɗin wata uku. Da na duba sai ga 100 tana kallona. Da na koma ofishinsu sai na gane yaron bai yi niyyar yaudarata ba, shi a saninsa duk layin da ke shiga intanet yana da adireshin fili. Tun daga ranar na daina tambayar masu talla. Ka ce a haɗa ka da sashen injiniyoyi ko masu kula da layukan kamfanoni, kuma amsar da suka ba ka su rubuto maka ita, ko da a WhatsApp ne.

Adireshin fili ma iri biyu ne. Akwai mai canzawa, wanda duk lokacin da rauta ta mutu ta tashi za a iya ba ka sabo, akwai kuma tsayayye, wanda suke kira statik IP, da ake ƙara masa kuɗi duk wata, wani lokacin ma sai ka koma tsarin 'yan kasuwa kafin a ba ka. Kada ka yi gaggawar biyan tsayayyen. Mai canzawa ya ishe ka, domin akwai hidimomi irin su DuckDNS da No-IP waɗanda wata 'yar manhaja a kan sabarka za ta riƙa sanar da su sabon adireshinka duk lokacin da ya canza, sunan shafinka ya ci gaba da nuna gidanka. Abin da ya fi tsayayyen adireshi muhimmanci shi ne su yarda ka sa rautarka. Akwatin da masu faiba ke maƙalawa a bango sau da yawa a kulle yake, kalmar sirrin shiga saitinsa na hannunsu. Ka tambaye su ko za su mai da shi gada kawai, wato ya riƙa miƙa layin ba tare da ya yi aikin rauta ba, su ba ka suna da kalmar sirrin shiga layin, da ake kira PPPoE, ka zuba a rautar da ka saya da kuɗinka. Kamfanin da ya ce e ga wannan ya fi mini wanda ya ninka shi gudu ya ce a'a.

Sai IPv6, sabon tsarin da adireshinsa ya yi yawan da ba a maganar ƙarewa. Inda yake aiki, kowace na'ura a gidanka tana samun adireshinta na fili, babu zancen mai gadin haya. Ka tambaya, in akwai ka karɓa da hannu biyu. Amma kada ka jingina komai a kansa, saboda wanda zai ziyarci sabarka shi ma sai layinsa na da IPv6 kafin ya iso, kuma har yanzu layuka da dama a nan ba su kunna shi ba. Kana iya kafa komai daidai, ƙanwarka da ke Zariya ta buɗe a wayarta ta ga shiru.

Yanzu mu zo ga gudu, amma na turawa, wato abin da ke fita daga gidanka zuwa waje. Duk hoton da wani zai buɗe daga sabarka ta wannan hanyar zai bi. Lissafin mai sauƙi ne: kamfani da megabit yake talla, fayil kuma da megabait ake auna shi, kuma bit takwas ke yin bait ɗaya. Layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa yana fitar da megabait 1.25 ke nan, gigabait ɗaya zai ci kusan minti 13, gigabait 100 kuma kusan awa 22. Ga hotunan iyali da takardu, megabit 10 tsayayye ya wadatar. In kana son mutum biyu ko uku su riƙa kallon bidiyo daga sabar a lokaci guda, nemi 20 zuwa sama. Kalmar da zan ja wa layi ita ce tsayayye. Gwajin ƙarfe goma na safe ba ya gaya maka komai. Ka gwada bayan sallar Isha'i, tsakanin takwas da sha ɗaya, lokacin da unguwa gaba ɗaya ta hau TikTok, ka maimaita kwana uku a jere, ka riƙe mafi ƙanƙantar lambar da ka gani. Ita ce gudun layin na gaskiya.

A nan ne faiba ke tsere wa saura. Irin wadda ake ja gidaje, GPON, tana ɗauke da kusan gigabit 2.5 na saukewa da 1.25 na turawa a kan zare ɗaya da ake raba wa gidaje 32 ko 64. Rabawa ake yi, amma tulun babba ne, da wuya a ji ƙarancin. Jinkirin amsarta kaɗan ne, hadari ba ya damunta, kuma da yake zaren gilashi ne ba ya ɗauko tsawa ya shigo maka da ita ɗaki, abin da duk wanda ya taɓa rasa rauta a watan Agusta zai yaba. Cutarta ɗaya ce: yankewa. Masu aikin titi da masu haƙa kwata da ɓarayin waya duk abokan gabarta ne, har ta kai gwamnatin tarayya a 2024 ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Saboda haka abin da za ka tambayi maƙwabta ba sau nawa take yankewa ba kaɗai, kwana nawa ake yi kafin a zo gyara. Kamfanin da ma'aikatan gyaransa ke zaune a cikin gari daban yake da wanda sai an turo mutum daga Abuja. Kuma kasancewar kamfani yana Kano ba ya nufin ya iso layinku. Faiba titi-titi take bi, wani lokacin tsallaken kwalta ne tsakanin mai samu da marar samu.

Rautar 4G ko 5G ita ce mafi sauƙin samu. Kano na cikin biranen farko da MTN ta kunna wa 5G a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023. Saukewarta kan ba da mamaki, amma turawa na hawa da sauka gwargwadon nisanka da eriya da yawan mutanen da ke kanta, kuma a layin sim na gama-gari ka ɗauka kawai kana bayan CGNAT. Babbar matsalarta ga mai saba ita ce data. Abin da ka tura da abin da ka sauke duka ana cirewa, kuma tsare-tsaren da ake cewa ba su da iyaka galibi suna da wani adadi da in ka kai shi za a rage maka gudu har ƙarshen wata. Nemi wannan adadin da gudun da ake komawa bayansa kafin ka saya, yana cikin ƙananan rubutun da ba a son karantawa. Tun bayan da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafin ya ƙara nauyi.

Starlink ta shigo Najeriya a Janairun 2023, mu ne farko a Afirka, kuma ga wanda ke bayan gari inda babu faiba kuma sabis na rawa, ta zama rahama. Amma ga aikin saba ba ita ce sarauniyar da ake zato ba. Tsarinta na gida shi ma CGNAT ne a ɓangaren IPv4, adireshin fili sai a tsare-tsaren 'yan kasuwa masu tsada. Tana ba da IPv6, wannan abin yabo ne, sai dai kafin ka more shi sosai sai ka tsallake rautarsu ka sa taka. Turawarta ta yi ƙasa ƙwarai da saukewarta, ruwan sama mai ƙarfi kan tsinke ta na ɗan lokaci, sannan farantin na shan wuta tsakanin wat 50 zuwa 100 gwargwadon samfuri, dare da rana. In faiba ta iso ƙofarka, ban ga dalilin da zai sa ka sayi Starlink saboda saba ba.

To in duk abin da ke unguwarku CGNAT ne fa? Ba a fasa ba. Ka tuna mai gadin nan yana barin na ciki ya fita kuma ya dawo. Dabarar ita ce sabarka ta fita da kanta ta kama hannun wata na'ura a waje ta riƙe, baƙi su riƙa biyowa ta wannan hanyar da aka buɗe daga ciki.

Ga abin da ya shafi iyali kaɗai, hotuna da takardu a kan manhajar ajiyar fayiloli irin Nextcloud ko makamancinta, ka sa Tailscale. Manhaja ce da aka gina a kan WireGuard, tsarin da ke buɗe rufaffiyar hanya tsakanin na'urori, tana da tsarin kyauta ga mai amfanin kansa. Ka sa ta a saba, ka sa a wayoyin 'yan gida, shi ke nan, duk inda suke za su ga sabar kamar suna cikin ɗaki, wanda ba ka gayyata ba kuma bai ma san tana nan ba. Wani abin dariya, adireshin da take raba wa na'urorinka daga cikin zangon nan na 100.64 take ɗebo su, kada ka gani ka rikice. Rauninta shi ne idan ɓangarorin biyu duka suna bayan mai gadi mai tsauri, ba za su iya haɗuwa kai tsaye ba, sai saƙon ya zagaya ta wata tashar kamfanin a wata ƙasa, gudu ya ragu.

Ga abin da kake so duniya ta gani, akwai Cloudflare Tunnel, shi ma kyauta. Sai ka mallaki sunan shafi, kuma na .com.ng da ake saya ta hannun dillalan da NiRA, mai kula da sunayen shafuka na .ng, ta amince da su da naira ake biya, ba sai ka nemi katin dala ba. Sabarka za ta riƙe hanya zuwa Cloudflare, masu ziyara su sauka a can, ba wanda zai ga adireshin gidanka. Yana da iyaka: a tsarin kyauta fayil ɗin da za a turo a tashi ɗaya ba ya wuce megabait 100, kuma ba a yi shi don watsa finafinai ba. Hanya ta uku, wadda ta fi koyar da mutum, ita ce ka yi hayar 'yar ƙaramar saba a wata cibiyar ajiyar bayanai, irin da ake kira VPS, wadda ke zuwa da adireshinta tsayayye, ka haɗa ta da ta gida da WireGuard, ta zama zaurenka na waje. Sau da yawa kuɗin hayarta a wata bai kai abin da za a caje ka na statik IP ba.

Wurin da wannan zauren yake yana da tasiri, kuma a nan zan ɗan tsaya, don mutane ba sa lura. Haske a cikin faiba yana cin kusan kilomita 200 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Daga Kano zuwa Legas wajen kilomita dubu ne, wayar MainOne da ke ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal kuma wajen kilomita 7,000. Idan zaurenka na Turai, wanda ke Fagge yana son buɗe shafin da ke kan kwamfutarka a Gwale, saƙonsa sai ya gangara Legas, ya tsallaka teku, ya juyo ta teku, ya hauro Kano, amsar ma ta bi sawunsa. Ga shafin rubutu da hotuna ba za a ji sosai ba, ga kyamara ko aiki da saba daga nesa za ka ji kamar kana tafiya cikin taɓo. Shi ya sa nake fifita VPS da ke Legas in an samu, kuma shi ya sa yake da kyau ka tambayi kamfanin intanet ko yana haɗe da IXPN, mahaɗar da aka kafa a 2006 don layukan cikin gida su riƙa musayar saƙo ba tare da fita waje ba. Amfanin wannan ya fito fili ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Abin da ke waje ya yi wuyar samu, har wasu bankuna suka tsaya, amma abin da ke zagayawa cikin gida bai sha wahala irin haka ba.

Duk wannan bayanin banza ne in babu wuta, kuma a nan tsohuwar kwamfutar yayanka za ta ba ka ciwon kai. Irin waɗannan na tebur kan sha wat 60 zuwa 100 ko ba sa aikin komai. Ƙaramar kwamfuta irin ta tafin hannu da ake samu ta hannu a kasuwa tana shan wat 10 zuwa 15, Raspberry Pi ma bai kai haka ba. Tsohuwar laftof ita ma zaɓi ce mai kyau, tunda da batirinta take zuwa. Ka haɗa ƙaramar kwamfuta da rauta da akwatin faiba, ka ce wat 30 gaba ɗaya, wato wat-awa 720 a yini. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa kusan 1,200, in na ruwa ne rabi kawai ya kamata ka ci don kada ya mutu da wuri, ka ga bai cika yini ɗaya ba ke nan, in ka bi ta inbata ma ya ƙara raguwa. Da kwamfutar tebur kuwa awa shida zuwa bakwai zai yi. Wanda ya ga Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi kwanaki a jere cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, ya san ba a dogara da caji daga wutar Nepa kaɗai. Ƙaramin faifan sola shi ne ke riƙe saba. Kuma ka tambayi maƙwabta ko intanet ɗin kamfanin na tsayawa idan aka daɗe babu wuta, don naka batirin ba zai tayar da na'urarsu da ke bakin titi ba. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu su ma suna cin na'ura, ka ɗaga ta daga ƙasa, ka sa ta inda iska ke ratsawa, ka riƙa busa mata ƙura.

Zancen kyamara kuwa, ka lura da wani abu: kyamarorin a shago suke, saba a gida. Layin gida ko ya kai me kyau ba zai nuna maka shago ba sai shagon na da nasa layin, kuma turawar layin shagon ce za ta yi aiki. Kada ka ce za ka riƙa kwararo bidiyon shago zuwa gida dare da rana. Kyamara ɗaya mai tura megabit 2 a daƙiƙa tana cin gigabait 21 da ɗoriya a yini, kusan 650 a wata. Bar na'urar naɗin ta yi naɗinta a shago, ka leƙa lokacin da kake buƙata. Kuma ko an ba ka adireshin fili a shagon, kada ka buɗe wa na'urar kyamara ƙofa kai tsaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma waɗannan na'urori bangonsu a tsage yake zuwa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci ta hanyar gwada kalmomin sirrin da aka saya da su, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Har gobe irin waɗannan na sintiri. Ka buɗe ƙofa ta 22, wadda ake shiga saba daga nesa ta cikinta, yau ka duba rajistar sabarka gobe da safe, za ka tarar da baƙi daga ƙasashen da ba ka taɓa jin sunansu ba suna ta gwada sa'a. Wannan ne ma ya sa a 'yan shekarun nan na rage jin haushin CGNAT. Ga mai koyo, wani lokacin katanga ce da ba shi ya gina ba.

Imel kuwa ka cire shi daga lissafin gida gaba ɗaya. Kamfanoni da yawa, har da Starlink, suna toshe ƙofa ta 25 da saƙon imel ke fita ta ciki. Ko ba su toshe ba, adireshin layukan gida na cikin jerin da ƙungiyoyi irin su Spamhaus ke ajiyewa na wuraren da bai kamata wasiƙa ta fito kai tsaye ba, kuma tun Fabrairun 2024 Gmail ta ƙara tsaurara sharuɗɗan karɓar saƙo. Za ka aika wa mai sayen kaya lissafin kuɗi ya faɗa kwandon shara, ko wani ya aiko maka da oda lokacin da batirinka ya mutu. Ka sayi sunan shagon, ka ba masu wannan sana'ar su riƙe maka akwatin. Shafin tallan ma, in dai da gaske abokan ciniki za su riƙa shiga, ni a waje zan ajiye shi, in bar kwafinsa a gida ina gwaje-gwaje a kai.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. In faiba ta iso layinmu, ita zan ja, ko da a bayan CGNAT take, muddin turawarta na tsaye da dare kuma maƙwabta sun shaida ana zuwa gyara da wuri; in akwai kamfani biyu, in ɗauki wanda zai bar ni in sa rautata. Wata ɗaya zan fara biya, ba uku ba. In babu faiba, in ari sim na kamfanoni biyu in gwada su mako guda a daidai inda rautar za ta zauna, kusa da taga, in ɗauki wanda turawarsa ta fi tsayawa. Ko wanne na ɗauka, zan ajiye sim na wani kamfani daban da 'yar data a ciki saboda ranar da babban layi zai yanke, tunda da Tailscale ko Cloudflare Tunnel saba ba ta damu da ta wane layi ta fita ba, da kanta za ta sake kama hanya.

Hotunan iyalin nan kuma kada ya zama a kan faifai ɗaya suke, balle na kwamfutar da ta riga ta yi shekaru tana aiki. Sayi faifan waje, ka riƙa kwafe su duk ƙarshen wata, ka kai shi gidan yayanka ka ajiye a can, ba a ɗaki ɗaya da sabar ba.